Yadda Ɗan Kwas Ya Kai Mu Cinikin Yadi

Kwana uku kacal ƙanin mijina ya yi a kwas ɗin shugabancin ƙungiyoyin gama kai, amma da ya dawo sai ka rantse shekara bakwai ya yi a ƙasar waje. Ya dawo da takardar shaida an manne ta cikin leda, da jaka mai igiya, da biro uku a aljihun gaba. Mutumin da shekaranjiya yake aron almakashina, yau in ka gaishe shi sai ya duba agogo kafin ya amsa. Tun daga ranar layinmu ya sa masa suna Ɗan Kwas, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, don a ganinsa girmamawa ce.

Mu ashirin da uku ne a ƙungiyarmu, maza da mata, duk teloli, shagunanmu a jere a layi ɗaya. Abin da ya haɗa mu ɗinkin kayan makaranta ne. Makarantu huɗu ke ba mu aiki kowace shekara, mu sayi yadi a dunƙule, mu raba, kowa ya hau kekensa. Sayen yadin kuwa aikina ne. Shekara goma sha huɗu ina yi, tun da maigidana ya rasu na gaji kekensa da gurbinsa a ƙungiya. Karatuna na ajin manya ne, rubutu ma a hankali nake jan sa kamar ɗinkin hannu, amma har yau ban ga mai kantin da ya taɓa ci na a ciniki ba.

A daidai lokacin ne shugabanmu, Baba Mai Yanka, ya ce a nemi wani ya gaje shi, kunne ya yi masa nauyi, ana taro yana gyaɗa kai ga abin da bai ji ba. Kowa ya sunkuyar da kai, don ba mai son barin keke ya je zaman taro. Sai Ɗan Kwas ya miƙe.

"Jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Bana shugaban wannan layi, baɗi manaja a babbar gamayya. Ofis, fanka, kujera mai juyawa. In na hau, kun hau."

Ya yi minti arba'in yana bayani. Gwaggo Mai Maɓalli, wadda shagonta ke jikin nawa, ta ɗaga hannu ta ce, "A ba shi don Allah, ko ma koma aiki." Haka aka zaɓe shi.

Taronsa na farko, ni ya fara taɓawa.

"Matar Yaya, ba raini ba, amma a tsarin zamani ba a barin mutum ɗaya ya je kasuwa da sunan jama'a. Komai a fili, komai da ƙuri'a."

Na ce, "Ɗan nan, ciniki baki ɗaya yake so, ba ashirin da uku ba."

"Kin taɓa zuwa kwas?"

"Kai ka taɓa sayen ko tsumman goge keke ba a cuce ka ba?"

Aka yi dariya, amma shi ya riga ya shirya. Ya karanto sunayen Kwamitin Sayayya, sai ga shi kowa yana ciki in ban da ni. Mutum kuwa in ya ji sunansa a kwamiti, ko bai san aikin ba hannunsa zai tashi da kansa. Har Gwaggo ta ɗaga nata, tana kallon rufi. Ni aka ba ni muƙamin mai lura: in zo, in gani, kada in yi magana.

Saura kwana goma a koma makaranta. Yadin da makarantun nan ke so shuɗi ne mai duhu da siririn layi fari, bandir arba'in, kuma duk garin Alhaji Mai Yadi kaɗai ke kawo shi. In muka rasa shi, ko muka saya da tsadar da ba za ta fitar da mu ba, aikin ya tafi hannun wasu, kuma aikin makaranta in ya tafi ba ya dawowa.

Washegari da hantsi sai ga Ɗan Kwas a shagona da littafi.

"Matar Yaya, ana so a adana ilimin tsofaffi saboda tarihi. Yaya kike yin cinikin nan?"

"Tarihi ne ke tambaya ko kai?"

"Tarihi."

Na tausaya wa yadin, ba shi ba, na faɗa masa. Na ce na farko, kada mai kaya ya san kana so. Ni da tsohon silifas nake zuwa, in tambayi labule, in tambayi zanen gado, sai zan fita in ce wancan shuɗin fa, har yanzu ba a saye shi ba? Na biyu, ka nemo wa kaya aibu ko ba su da shi. Na uku, in ya ƙi sauka, ka juya ka tafi, kada ka waiwaya sai ya kira ka.

"Na huɗu kuma..."

Ya rufe littafin. "Ya isa. Duk an yi mana wannan a rana ta biyu, da Turanci ma."

Na huɗun shi ne taku bakwai ake yi, in ba a kira ka ba ka tsaya ka gyara takalmi, ka dawo kamar ka manta wani abu. Tunda an yi musu da Turanci, na ja bakina.

Kwana biyu bayan haka Gwaggo ta leƙo shagona tana riƙe da ciki don dariya. Wai Ɗan Kwas ya aika wa Alhaji Mai Yadi wasiƙa, da hatimi da komai. Wai a ciki ya sanar da shi cewa ƙungiya na buƙatar bandir arba'in cikin gaggawa, cewa saura mako guda a koma makaranta, cewa bincike ya nuna babu mai irin yadin sai shi, don haka ana roƙonsa ya yi adalci.

Na ce, "Bai haɗa masa da makullin shagunanmu ba?"

Bai tsaya nan ba. Ya sa kowa ya ɗinka falmaran iri ɗaya, ruwan ɗorawa, da sunan ƙungiya a baya. Shi kuma ya ɗinka wa kansa sabon wando irin na ma'aikatan ofis, matsattse, wai haka manajoji ke sawa. Sannan ya gayyato wata jami'a daga babbar gamayya ta zo ta ga sayayyar zamani da idonta, don ta rubuta a rahoto.

Ranar da aka sa, da ƙarfe tara na safe, muka tashi a jere. Yara biyu... a'a, ba yara ba, manyan magidanta biyu masu gemu ne suka ɗauki ƙyallen da aka rubuta MUN ZO SAYEN YADI. Jami'ar, wata doguwa mai tabarau, tana gefe da ɗan littafinta. Ni ina can baya da tsohon silifas ɗina, ban sa falmaran ba, na ce mai lura ba ta cikin kwamiti.

Muna shiga kantin na san an gama da mu. Alhaji ya jera kujeru. Ya kunna fanka biyu. Ga lemo mai sanyi a tire. Shekara goma sha huɗu ina shiga kantin nan, ko ruwan randa bai taɓa ba ni ba, don ya san ba abin da zai samu a jikina da zai biya ruwan. Ga bandir arba'in an goge musu ƙura an tsara su kamar za a ɗauki hoto.

A lungu kuma wani mutum na zaune da tef ɗin awo a wuya, yana shafa yadin yana gyaɗa kai. Alhaji ya ce, "Wannan bawan Allah ma daga nesa ya zo, shi ma duka yake so. Amma na ce masa ku ne da wasiƙa."

'Yan kwamiti suka fara kallon juna. Ni kuwa na san mutumin. Surukin Alhaji ne, tayar mota yake sayarwa a bayan kasuwa. Tef ɗin ma sabo ne, ko lanƙwasar leda bai saki ba. Na buɗe baki.

"Mai lura ba ta magana," in ji Ɗan Kwas.

Na rufe.

Ya gyara murya. "Alhaji, nawa bandir?"

"Saboda ku ne, dubu talatin da biyar."

Bara ashirin da huɗu na saya. Gwaggo ta ajiye lemonta a hankali kamar ta ga ƙuda a ciki.

Ɗan Kwas ya leƙa littafinsa, ya ga wurin aibu. Ya ja bakin bandir ɗaya, ya ɗaga shi sama yana yamutsa fuska. "Wannan ai ba shi da ƙwari. Ja ɗaya zan yi masa ya yage."

"Bismillah," in ji Alhaji.

Ya naɗe yadin a hannu biyu ya ja. Shiru. Ya ƙara ja har jijiyar wuyansa ta fito. Shiru. Sai ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya ware ƙafafu, ya durƙusa ya ja da dukkan ƙarfinsa. Muka ji ɓaaarrr, doguwa, mai daɗin ji.

"Kun ji ko!" in ji shi.

Alhaji ya karɓi yadin ya juya shi gaba da baya. Lafiya lau. Sai ya leƙa bayan Ɗan Kwas. "Shugaba, wane tela ne ya ɗinka maka wandon nan? Don in san wanda zan guje wa."

Daga ƙugu har gwiwa ya buɗe, maɓallin ma ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kanta. Gwaggo ta ce, "Na ce ka kawo in sa maka, ka ce ka iya." Jami'a ta rubuta wani abu.

Ya dafe wando da hannu ɗaya ya ce, "Mun taya ashirin da biyar."

"Albarka."

Nan ne ya juya ya fuskanci jama'a. "To, bisa tsari, masu goyon bayan a ƙara zuwa ashirin da takwas su ɗaga hannu."

A gaban mai kaya! Na ji kamar in shige cikin bandir. Mai tef ya yi tari ya jawo bandir biyu kusa da shi, sai hannaye suka tashi. Ɗan Kwas ya ƙirga goma sha bakwai.

"Goma sha takwas," in ji Alhaji. "Ga wata baiwar Allah can bayan ginshiƙi ba ka gani ba."

"Na gode, Alhaji. Ashirin da takwas."

"Albarka."

Aka sake ƙuri'a, talatin. Albarka. Sai wani cikin masu riƙe da ƙyalle ya ce shi dai yana so ya san iyakar abin da ƙungiya za ta iya bayarwa kafin ya sake ɗaga hannu. Ɗan Kwas ya ce tambaya ce mai kyau, ɗan ƙungiya yana da haƙƙin sani, ya buɗe jaka ya karanto da babbar murya: talatin da biyu.

Alhaji ya lumshe ido kamar wanda aka yi wa fifita. "Talatin da uku. Kada ku ce ban yi muku komai ba."

Yanzu ba sauran ƙari, sai mataki na uku. Ɗan Kwas ya tara mutane kusa da shi ya yi raɗa. Baba Mai Yanka ya kama kunne ya ce, "Me ya ce?" Aka maimaita masa. "Iye?" Sai Gwaggo ta sa baki a kunnensa ta kwarma, "Ya ce mu yi kamar mun tafi, Alhaji zai kira mu!"

Alhaji ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Suka fita a jere, Ɗan Kwas a gaba, hannu ɗaya a wando, ɗaya a sama yana gargaɗi: "Duk wanda ya waiwaya ya ci amanar ƙungiya!" Ni na zauna a kujera mafi kusa da fanka na ɗauki lemon Gwaggo, tunda ba a yi ƙuri'a a kaina ba.

Abin da ya faru a titi, rabi na hango daga ƙofa, rabi Gwaggo ta ba ni. Mutum ashirin da biyu cikin falmaran ruwan ɗorawa, suna tafiya a hankali, wuya a sandare, kunne a baya, ba mai cewa uffan. Taku bakwai ya wuce, taku saba'in ya wuce. Masu shaguna suka fito. Wani ya cire hula ya ce, "Wa ya rasu?" Wata ta ce ba rasuwa ba ce, zanga-zanga ce, ba ka ga ƙyalle ba? Masu zaman banza suka bi sahu, kafin a kai shagon mai gyaran rediyo sun haura hamsin, wasu har sun fara cewa ba mu yarda ba, ba su san da me ba.

Can aka ji, "Malam! Malam, tsaya!"

Ɗan Kwas ya ja birki, fuska ta washe. "Kun gani? Ilimi ke nan!" Ya juya da ƙasaita. Ashe mai gyaran takalmi ne. "Malam, bayanka a buɗe yake, in kama maka da zare?"

Suka ci gaba.

A kanti kuwa Alhaji ya harɗe hannu a ƙofa yana dariya, yana cewa yanzu za su dawo. Dariyar ta ragu. Ya fita tsakiyar titi ya sa hannu a goshi. Ruwan ɗorawa sai ƙanƙancewa yake yi.

"Hajiya, ina za su?"

"Ni mai lura ce, ba na magana."

"Don Allah."

"Ban sani ba, Alhaji. Na dai san titin nan tasha yake zuwa, kuma motar babban birni ƙarfe goma sha ɗaya take tashi."

Ban yi ƙarya ba, titin tasha yake zuwa. Alhaji ya ƙwala kira, ya tafa, ya yi fito. Ina! Hayaniyar 'yan rakiya ta shanye muryarsa. Na juya ga mai tef na ce, "Sannu da hutawa. Yaya kasuwar taya? Ko kai za ka kwashe arba'in ɗin ka yi wa motoci riga?" Ya cire tef ɗin ya ajiye, ya ce ya bar shago ba kowa.

Na miƙe na shafa labule na tambayi kuɗinsa. Alhaji ya ce, "Hajiya, bar labulen nan, mu yi magana."

Na ce, "Shuɗi mai farin layi, wa zai saya in ba makarantunmu ba? Ka ajiye shi baɗi, ɓera ya yi maka ragi."

"Talatin."

"Ashirin."

"Haba! Har lemo na saya."

"Ni na aike ka?"

Muka yi ta yi, ya rantse, na rantse, ya kira sunan marigayi maigidana, na ce bar shi ya huta, shi ma ba ya saye da tsada. Muka tsaya a ashirin da uku, kai kaya har ƙofar shago a kansa. Na ce a loda a mota yanzu mu bi su, in ƙungiya ta ƙi, ya sauke abinsa.

A ƙarshen titi muka cim musu, inda katangar tasha ta tare hanya. Sun tsaya cirko-cirko suna fuskantar bango, don ba gaba, kuma an hana waiwaye. Ɗan Kwas yana ce wa jami'a minti biyar kawai za a ƙara. Direba ya danna oda, ya raɓa ta gefensu da bandir arba'in a bayan mota.

Gwaggo ce ta fara gani. "Wayyo, yadinmu! Mai tef ya kwashe!"

Wuri ya kaure. Masu gemu suka yar da ƙyalle. Wata ta cire falmaran ta jefi Ɗan Kwas da ita. Baba Mai Yanka, da bai ji komai ba amma ya ga komai, ya ɗaga sandarsa yana tambaya a nuna masa wanda za a fara da shi. 'Yan zanga-zanga suka ce ai dama sun faɗa. Ɗan Kwas ya manna bayansa da katanga, yanzu da hannu biyu yake riƙe da wando, yana cewa, "A bi tsari! A kafa kwamitin bincike!"

Sai na sauke gilashi na leƙo.

"Matar Yaya!" Ya yi ajiyar zuciya, nan take kuma ya ɗago kai. "Jama'a, kun gani? Dabarar ke nan. Mu mu ja hankalinsa, ita ta..."

"Nawa?" in ji Gwaggo.

"Ashirin da uku, har ƙofa."

Guɗa ta tashi. Suka nufo mota za su taɓa yadi, na ce kowa ya tsaya inda yake. "Da sunana aka sallama, ba da sunan kwamiti ba. Kuna so, ku mayar mini da aikina. Ni kaɗai zan riƙa zuwa, ba wasiƙa, ba falmaran, ba lemo. Ba kwa so, direba ya juya."

Jami'ar ta rufe littafinta ta ce, tunda ga 'yan ƙungiya duka a wurin, ai sai a yi ƙuri'a, shugaba ya jagoranta.

Ɗan Kwas ya dube ta, ya dubi jama'ar tasha da suka hau benci suna kallo. Da ƙaramar murya ya ce, "Masu goyon baya."

Hannu ashirin da ɗaya, ban da na wasu fasinjoji da ba a ƙirga ba.

"Masu adawa?" in ji jami'a, tana kallonsa.

Na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya saki hannun dama, wando ya zame, ya yi wuf ya cafke. Ya gwada na hagu, haka. Jami'a ta jira shi har ta gaji.

"Babu adawa," ta ce, ta rubuta.

Na matsa na buɗe masa ƙofar mota, ƙanin miji ne, ba zan bar shi a tasha haka ba. Na ce, "Shigo, Shugaba. Zauna a hankali, kada sauran ya tafi."